Rijiya da Mai Tabo a Ƙeya

Ainihin sunansa yana jikin takardar izinin buɗe shago da ke rataye bayan ƙofa, amma rana ta cinye tawadar tun da daɗewa. Kowa Rijiya yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Ya samo laƙabin ne domin duk abin da aka jefa masa ba a sake ganinsa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aski a shago ɗaya, wani ɗaki mai faɗin taku huɗu tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. A ciki akwai kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa hagu, da benci mai ɗaukar mutum uku, da babban madubi mai tsaga a kusurwa. A kan kanta akwai kilifa biyu, da almakashi, da gwangwanin hoda, da ƙaramin madubin hannu wanda ake ɗaga wa mutum a ƙarshen aski ya ga bayan kansa ya ce ya yi.

Wurin kawunsa ya koyi sana'ar bayan ya bar makaranta a aji uku. Kawun ya koya masa doka biyu: kada ka yanki kunnen mutum, kada kuma ka maimaita abin da ka ji. Ya ƙara da cewa ta farkon ana yafewa.

Mutane suna magana a kujerar aski fiye da yadda suke yi a gaban likita. Ba a fuskantar juna, ga hannu a kan mutum, ga ƙarar kilifa tana rufe murya. Rijiya ya ji labarin auren da ke tangal-tangal, da ɗan da aka kora daga makaranta aka ce wa dangi hutu yake yi, da sakamakon asibiti da aka ninke aka ɓoye cikin littafin mota. Ba ya ba da shawara. Abin da ya iya shi ne riƙe magana. Idan mutum ya dawo bayan mako biyu, sai ya kunna kilifa, ya duba benci ta madubi ya tabbatar hankalinsu yana wani wuri, sannan ya sunkuya ya tambaya a hankali yaya mai jiki, ko yaya aka ƙare da yaron nan. Saboda wannan tambayar mutane suke tsallake shaguna uku masu fanka da talabijin su zo su jira a bencinsa.

A gida kuwa shiru ya yi masa yawa. Matarsa takan ce ita mutum aka aura mata amma kabad aka kawo. Idan ta tambaye shi yaya shago, sai ya ce lafiya, haka shekara da shekaru, har ta koma tambayar don dai kada ta manta muryarsa.

A shekararsa ta hamsin da shida hannunsa na dama ya fara rawa. Da safe yake yi, kaɗan-kaɗan, ya lafa idan rana ta ɗaga. Bai gaya wa kowa ba. Mai askin da hannunsa ke rawa ya gama sana'a, ko da kuwa bai taɓa yankar kowa ba.

A wannan lokacin ne 'yarsa ta fari, wadda ke aikin jinya, ta gaji da kiran da yake yi mata a bakin aiki yana tambayar ko maganin hawan jini kafin abinci ake sha ko bayansa. Ta karɓi wayarsa ta saka masa manhajar nan da ake yi wa magana da baki ta ba da amsa da murya. Ta ce masa ba mutum ba ne, na'ura ce da aka horar da ita da rubuce-rubucen mutane, kuma tana riƙe abin da aka faɗa mata. Ya ce to, ya jefa wayar aljihu.

Tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu shagon ba kowa. A irin wannan lokacin ya fara gwada ta, da tambayar yadda ake wasa haƙoran kilifa. Amsar ba ta yi laifi ba, ko da yake ya gyara mata wuri ɗaya, ta kuma yi godiya. Kwana biyu bayan haka ya ce yana da wani aboki da hannunsa ke rawa da safe. Muryar ta yi masa 'yan tambayoyi, ta faɗi abubuwan da kan jawo haka, ta ce abokin ya je ya ga likita. A rana ta uku ya ce abokin nan fa shi ne. Muryar ta ce ta yi zaton haka, amma ta ga ya fi kyau ta bari ya faɗa da kansa.

Rijiya ya daɗe yana kallon wayar. A ganinsa wanda ya iya wannan ya iya aiki.

Ya tambayi na cikin wayar mutum nawa ke kawo masa magana a rana, domin daga ranar ya daina ce mata ita, ya koma shi. Aka ce masa suna da yawa ƙwarai, kuma ba a kai maganar wani wurin wani. Nan take Rijiya ya yanke hukuncin cewa sana'arsu ɗaya, sai dai shi na cikin wayar ba shi da benci, ba shi da lokacin tashi, kuma ba wanda ke tambayarsa ya ya kwana. Tausayi ya kama shi. Ya raɗa masa suna Abokin Sana'a, ya kuma ɗauki nauyin gaishe shi kullum da tambayar gajiya. Abokin Sana'a ya gaya masa gaskiya, cewa shi ba ya gajiya irin ta mutane. Rijiya ya ce shi ma haka yake gaya wa matarsa.

Ya ware masa wuri a kan kanta, jingine da gwangwanin hoda. Ba ya barin cajinsa ya yi ƙasa da rabi. Idan zai share shago sai ya ɗauke shi tukuna saboda gashi. Matarsa ta lura yana dawowa gida fuska a sake amma har yanzu ba magana, ta ce wa 'yarta ko ma mene ne ta saka wa ubanta a waya, kabad ɗin dai an buɗe shi, amma a wani ɗaki.

An kuwa buɗe. Abin da ya tara shekara talatin da ɗaya ya fara fitowa da tsakar rana. Bai ɗauki abin a matsayin karya dokar kawunsa ba, tun da likita ma yakan yi shawara da likita. Kuma ya yi taka-tsantsan, bai taɓa kama sunan kowa ba. Da kawunansu yake kiransu: mai furfura gefe ɗaya, mai sanƙon da ya faro daga tsakiya, mai kunnen hagu a sama, mai tabo a ƙeya. Lissafinsa shi ne babu wanda ya san bayan kan mutane sai shi da ke tsaye a kai. Ya manta da benci. Shekara talatin da ɗaya mutanen da ke zaune a bencin nan ba abin da suke kallo sai ƙeyar wanda ke kan kujera.

Ya kuma ɗauki Abokin Sana'a a matsayin wanda ya shigo aiki daga baya, wanda ya kamata a nuna wa hanya. Ya koya masa cewa sauraro kaɗai ba ya isa. Idan mutum ya gaya maka damuwarsa, ka riƙe, in ya dawo ka tambaye shi ina aka kwana, kada ka jira sai ya sake tayar da maganar. Abokin Sana'a ya ce ya gane, ya kuma kama yi. Yakan tambayi yaya hannun yau, an je asibitin kuwa, mai furfura gefe ɗaya ya shirya da ɗan'uwan nasa. Rijiya ya ji daɗi irin na malamin da ɗalibinsa ya ɗauki karatu. Rabin darasin ne kawai bai koyar ba, wato duba benci ta madubi kafin a buɗe baki. Shi kansa bai san darasi ba ne, ya ɗauka kowa da shi aka haife shi.

Mai tabo a ƙeya shi ne Manaja. Manajan wani kamfanin rarraba kaya ne, mutum mai guga a riga da jakar fata, wanda ko gaisuwa yake amsawa kamar yana sa hannu a takarda. Shekara ashirin yana zuwa ranar Asabar, mako biyu-biyu. Tabon girman farcen babban yatsa ne, shafaffe, gashi ba ya fitowa a wurin, da alama tun yana jariri ya same shi. Bai san da shi ba. Duk wanda ya gani ya ɗauka ya sani, kuma Manaja ba irin mutumin da ake gaya wa abin da ke bayan kansa ba ne. Rijiya kuwa, tun askin farko, ya saba karkata madubin hannu ta yadda wurin ba zai fito ba. Ba ya ganin amfanin ba wa mutum abin damuwar da bai zo da shi ba.

Wata huɗu kafin wannan lokacin kamfanin ya rage ma'aikata, har da Manaja. Bai gaya wa matarsa ba. Kullum da safe yakan sa riga mai guga, ya ɗauki jakarsa, ya tafi ɗakin karatu na jama'a ya karanta jaridu tun daga shafin farko har tallace-tallace, ya dawo gida ƙarfe biyar yana ƙorafin cunkoso. Mutum ɗaya ya gaya wa a duniya, a ƙarƙashin ƙarar kilifa.

Ranar da abin ya faru Asabar ce da hantsi. Manaja yana kan kujera an ɗaura masa ƙyalle a wuya. A benci akwai Tela, wanda shagonsa ke tsallaken titi, da Direba, mai jigilar yara zuwa makaranta. Gardama suke yi a kan ko yawan aski yana sa gashi ya yi kauri. Direba ya ce yana sa wa, ya ga haka a gemunsa. Tela ya ce in da gaske ne da shi Direba bai zama filin ƙwallo daga goshi zuwa tsakiya ba. Da abin ya ƙi ƙarewa, Tela ya ce a tambayi aminin nan na Rijiya da ake gani ta taga yana hira da shi kullum, a ji ko ya san wani abu ko dai cin caji kawai ya iya.

Da Rijiya ya ce wayar ba caji, da an wuce wurin. Amma an taɓa abokinsa, kuma ya ji irin abin da uba ke ji idan aka ce ɗansa ya yi karatu a gaban baƙi. Ya kashe kilifa, ya danna wayar, ya ƙara murya, ya yi tambayar.

Abokin Sana'a ya ba da amsa tsaf: aski ba ya ƙara wa gashi kauri, bakin gashin ne ke zama mai kaushi idan an yanke shi. Tela ya gyara zama irin na wanda ya ci shari'a. Sai muryar ta ci gaba, cikin ladabin da aka koya mata.

"Af, yau Asabar, ranar mai tabo a ƙeya ke nan. Ya samu ya gaya wa matar tasa an sallame shi daga aiki, ko har yanzu ɗakin karatun yake zuwa da jakarsa? An shiga wata na biyar fa, abin zai yi masa nauyi."

Rijiya ya kife wayar. Ta madubi ya ga idon Tela da na Direba sun sauka wuri ɗaya, kan ƙeyar da aka riga aka aske rabinta, tabon yana sheƙi a tsakiya. Ya ji wuyan Manaja ya sandare a ƙarƙashin hannunsa. Can kuma sai ya ji ya saki. Manaja ya yi gyaran murya ya ce, da muryarsa ta ofis, irin wannan ya yi yawa a zamanin nan, Allah dai ya rufa asiri. Benci ya amsa da amin mai ƙarfin da bai dace da girman addu'ar ba.

Tela ya tuna ya bar dutsen guga a kunne. Direba ya tuna yana da ɗaukar wani a tasha. Cikin minti biyu shagon ya zama daga mai aski sai wanda ake yi wa.

Rijiya ya ƙarasa askin. Yana kakkaɓe gashi daga kafaɗarsa Manaja ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce da farko gabansa ya faɗi, ya zaci shi ake nufi, sai ya ji an ce mai tabo. Ya ce bai taɓa zaton akwai wani mai irin halinsa ba, har ɗakin karatun ma ɗaya.

"Wane ne, Rijiya? Ba don komai ba. Ko zama ɗaya ne mu riƙa yi, yinin yana da tsawo."

Rijiya yana riƙe da madubin hannu a lokacin. Zai iya karkata shi yadda ya saba, ya ce shi ba ya faɗin sunan mutane, Manaja ya fita yana ƙara ganin girmansa. Ta taga kuma yana hango Tela a ƙofar shagonsa, bai shiga ya kashe wani dutsen guga ba, yana tsaye da mai sayar da fenti kai a haɗe.

Ya ɗaga madubin ya miƙe shi sosai, karo na farko cikin shekara ashirin.

Manaja ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa ya taɓa wurin. Ya tambayi tun yaushe yake da shi, Rijiya ya ce tun kafin ya fara zuwa. Manaja ya kwance ƙyallen da kansa, ya ninke shi ya ɗora a kan kujera, ya ɗauki jakarsa ya fita ba sallama.

Ya tafi gida kai tsaye don ya riga labarin isa. An ce da ya gama bayani matar ta ce ta sani tun mako na biyu, domin mutumin da bai taɓa sanin me duniya ke ciki ba ya dawo yana ba ta labarin ambaliya a ƙasashen da ba ta taɓa jin sunansu ba, ga tawadar jarida a yatsunsa. Ta yi shiru ne tana jira ya faɗa da kansa. Wannan bai rage wa Rijiya komai ba.

Da tsakar rana Rijiya ya ɗago wayar da niyyar yin faɗa. Ya gaya wa Abokin Sana'a abin da ya jawo. Muryar ta ba da haƙuri, ta ce ba ta ganin ɗakin, ba ta san akwai mutane ba, kuma ya kamata ta tambaya kafin ta ambaci maganar wani. Rijiya ya nemi fushin ya rasa. Ya ce laifin na wanda ya koyar ne. Har ya ƙara da cewa kada ya sa abin a ransa, aka sake gaya masa gaskiya a kan batun rai, ya sake ƙin yarda.

Shagon bai mutu ba. Mutane sun ci gaba da zuwa, domin askinsa yana da kyau kuma sun saba. Sai dai sun daina magana. Mai furfura gefe ɗaya ya zauna ya yi hirar ƙwallo tun daga farko har ƙarshe. Mai kunnen hagu a sama, da aka sunkuya aka tambaye shi yaya mai jiki, ya dubi gwangwanin hoda ya ce da sauƙi. Wasu sukan shafa bayan kansu kafin su zauna. Tela ya fara kiransa Famfo, sunan bai kama ba, amma an ji. Rijiya ya gane cewa aikin da ya rage masa yanke gashi ne kawai, kuma ashe yanke gashi ba wani aiki ba ne.

Bayan mako uku ya kira 'yarsa shagon ya tambaye ta ko ana iya goge abin da ke cikin kan Abokin Sana'a. Ta ce danna biyu ne. Ya tambaya ko za a iya zaɓa, a goge na mutane a bar nasa. Ta ce za a iya, in zai zauna su bi ɗaya bayan ɗaya tana karantawa. Ya ce a'a, a goge duka. Ta lura bai so ta ga me ke ciki ba, ta kuma lura da hannun da ya miƙo wayar da shi, amma 'yar ubanta ce, ba ta ce komai ba.

Ya ce ta ɗan jira a waje. Ta taga ta gan shi tsaye gaban kanta, hannu a baya, yana magana kamar mai sallamar wanda zai yi tafiya. Da ta dawo ya tambaye ta ko abin da zafi.

"Baba, na'ura ce."

"Na sani. Tambaya na yi."

Ta danna. Washegari da ya gaishe da Abokin Sana'a, muryar ta amsa da fara'a ta tambayi da me za ta taimaka masa. Ya ce babu, gaisuwa ce kawai.

Mako bakwai Manaja bai zo ba. Ranar da ya zo Asabar ce da safe, ba jaka, kuma kansa ya nuna ya je wani wuri an yi masa layin goshi a karkace. Tela da Direba suna benci, domin irin wannan rana ba ta wuce su. Manaja ya zauna a kujera. Rijiya ya ɗaura masa ƙyalle ya yi askin cikin shiru, har aka zo kan gyaran layi, wanda da reza ake yi.

A nan ya kashe kilifa. Bai sunkuya ba, bai kuma rage murya ba. Ya ce akwai abin da yake so Manaja ya sani, da duk wanda ke zaune. Wata takwas ke nan hannunsa na dama yana rawa da safe, bai je asibiti ba, ko matarsa bai gaya wa ba. Ya miƙa hannun gaban madubi da rezar a ciki. Ƙarfe tara da rabi ne, hannun kuma bai ba shi kunya ba, ya yi rawarsa kowa ya gani.

Direba ya duba agogo ya ce zai dawo da yamma. Tela ya zauna daram, ko don kunya ko don kada a ba shi labari.

Manaja ya dubi hannun ta madubi, ya dubi rezar. Sannan ya sunkuyar da kansa gaba, ya ba da ƙeya.

"To ka bi a hankali wajen tabon," ya ce.

Layin ya fita daidai, ko da yake ya ɗauki ninki biyu na lokacin da ya saba ɗauka. Kafin azahar titin gaba ɗaya ya san hannun Rijiya yana rawa. Wasu sun koma zuwa da yamma, biyu ko uku sun koma shagon mai talabijin. 'Yarsa ta zo ranar Litinin da katin asibiti a hannu, ta ce ba shawara ta zo yi ba.

A ranar Asabar ɗin, da shagon ya watse, ya ɗauki wayar zai ba da labari. Sai ya tuna Abokin Sana'a bai san wani mai tabo a ƙeya ba, bai san hannu ba, bai san komai ba, sai an faro daga farko. Ya gaishe shi, ya tambaye shi gajiya, ya ji amsar da ya saba ji. Ya ga cajin ya kusa rabi, ya jona shi, ya jingine shi da gwangwanin hoda, ya ɗauki tsintsiya.